Yadda Dodo Ya Kawo Teku Damargu

A Gidan Ila, wani ƙauye mai kasuwa a ƙasar Gangara cikin yankin Damargu, ruwa iri biyu mutane suka sani. Akwai na rijiya, wanda sai an ƙulla igiya da igiya kafin guga ta taɓo shi, akwai kuma na tabki, wanda ke zuwa da damina ya yi sallama kafin a gama kai hatsi rumbu. Ruwa na uku kuwa shi ne teku, kuma wannan a bakin Dodo kaɗai ake samunsa.

Dodo ya taɓa zuwa cin rani kudu, tun Nasara na mulki. Waɗanda suka tafi tare da shi sun ce a Kano ya tsaya yana dakon itace har rani ya ƙare, amma shi tun da ya dawo ya kafe a kan cewa har Ikko ya kai, ya yi iyo a teku, ya shiga jirgin ruwa. Kowace shekara tekun nan ƙara faɗi yake yi, kifayen cikinsa suna ƙara tsawo. Burin Dodo a duniya ɗaya ne, Maigari Ila ya naɗa shi Sarkin Ruwa. Garin yana da Sarkin Noma, yana da Sarkin Fawa, har da Sarkin Aska, to don me wanda ya san ruwa zai yi ta yawo kai ba rawani? Ya kai wannan kuka zauren maigari har ƙafarsa ta saba da hanya, kuma kullum amsa ɗaya yake samu:

"Wane ruwan za ka yi wa sarauta, Dodo? Na randar matarka?"

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, cikin sanyi, aka yi feti, wato bikin ranar Jamhuriya, kuma a wannan karon har da motar sinima daga Damagaram. Mai sinimar, wani siriri mai suna Tanko, ya kafa sanduna biyu a filin kasuwa, ya ɗaura farin ƙyalle, ya tayar da inji. Bayan sallar isha gari ya hallara, maza a gaba, mata a gefe, makiyayan da suka zo kasuwa a tsaye a baya sun jingina da sandunansu.

Tanko ya ce, "Jama'a, fina-finan bana duk na teku ne, da dabbobin cikinsa, da yadda ake kiyaye su. Da Faransanci suke magana. Zan fassara abin da na iya, amma in akwai wanda ya san teku..."

Bai rufe baki ba Dodo ya riga ya tsallake mutum uku ya tsaya gefen ƙyalle yana gyara hula.

Haske ya faɗa kan ƙyallen, sai ga ruwa shuɗi, iya ganin ido, yana tashi yana faɗuwa. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko wa ya bar wannan ruwa haka ba a ɗiba. Can sai wani kifi ya taso wanda ya cika ƙyallen baki ɗaya, ya fesa ruwa ta tsakar kansa. Na sahun gaba suka ja da baya.

Dodo ya ɗaga hannu. "Kowa ya zauna. Wannan jariri ne, ko yaye shi ba a yi ba. Uwarsa na sani."

Gajere, ɗan kawun Dodo kuma abokin wasansa, wanda Allah ya hore wa baki, ya ce daga cikin taro, "Kun gaisa da ita?"

"Ta gefen jirginmu ta wuce. Kowa ya kwanta don tsoro, ni kaɗai na tsaya."

"To wa ya ga ka tsaya, tun da kowa na kwance?"

Aka yi dariya, Dodo ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji. Sai ga wata halitta mai hannuwa barkatai kwance a kan dutse. Dodo bai taɓa ganin irinta ko a mafarki ba, amma ba a san shi da rasa amsa ba.

"Wannan saiwar itace ce ta ƙasan ruwa. Ana jiƙa ta a sha don ciwon baya."

Saiwa ta tattara hannuwanta, ta fesa baƙin ruwa, ta arce.

Gajere ya ce, "Maganin naka ya gudu."

"A teku har itace tafiya yake yi. Kai da ba ka wuce Tanut ba, ina za ka sani?"

Fim na biyu shi ya jawo komai. An nuna wasu masunta sun sami wani ƙaton kunkuru a cikin tarunsu. Maimakon su yanka shi, sai suka yanke tarun, suka ɗauko shi su huɗu, suka ajiye a bakin ruwa, shi kuwa ya ja jiki ya shige teku. Sai wani babban mutum mai farar riga ya zo yana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya. Tanko ya bayyana cewa kunkurun teku ƙarewa suke yi saboda yawan kama su, shi ya sa ake girmama duk wanda ya mayar da ɗaya gidansa.

Maigari Ila ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan aikin mutanen kirki ne. Dabba ma tana da hakki."

Maganar ta shiga kunnen Dodo ta zauna. Kafin a naɗe ƙyalle ya durƙusa gaban maigari.

"Ranka ya daɗe, abin da aka yi a ƙyalle ni zan yi shi a ƙasa. Ranar ƙarshen feti, bayan la'asar, zan kawo teku nan filin, in saki kunkuru a ciki kowa na gani."

Maigari ya dube shi, ya dubi jama'a, ya danne dariya. "In ka kawo teku Damargu, Dodo, rawanin Sarkin Ruwa naka ne."

Dodo ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna.

Da gari ya waye ya ɗauki fartanya da kwando, ya zaɓi wuri tsakanin kasuwa da rijiya, ya hau haƙa. Kafin azahar ya yi rami mai faɗin ɗaki, zurfinsa iya ƙugu. Ya koma rijiya ya yi ta ja yana zubawa, yana ja yana zubawa. Yashin Damargu kuwa ba a yi masa tayi sau biyu. Duk tulun da ya juye, kafin ya dawo da wani, sai ya tarar da danshi kawai.

Gajere ya zo ya leƙa ramin, hannu a baya. "Sannu da aiki. Tekun ya tahi kiwo ne?"

"Haka yake yi. Ja da baya yake yi, sannan ya dawo."

"To in ya dawo ka gaishe shi."

Dodo ya je ya sami Tanko ya yi ta zuba masa daɗin baki har ya ara masa tamfol ɗin da ake rufe mota da shi, bisa sharaɗin zai dawo lafiya. Ya shimfiɗa a ramin, ya danne gefe da duwatsu. Matan unguwa, da suka ga abin kallo na neman lalacewa, kowace ta riƙa juye masa tulu ɗaya in ta taso daga rijiya. Ruwa ya tsaya. Dodo ya tsaya a bakinsa yana hura hanci.

Gajere ya tsuguna, ya lakato da yatsa ya ɗanɗana. "Wannan ai ruwan rijiyarmu ne. Ba kai ka ce mana na teku gishiri gare shi ba?"

Shi ya faɗa, kuma ya faɗa a gaban mutane ba sau ɗaya ba. A lokacin kuwa ayarin gishiri ya sauka a bayan gari, mutanen Abzin suna musayar kantun gishiri da gero kamar yadda aka saba kowace kaka. Dodo ya faki idon matarsa Lantana, ya buɗe rumbu, ya yi ta jidar damman gero zuwa zango. Madugun ayarin, Aghali, ya yi mamakin yawan kantun da yake nema.

"Shanu nawa gare ka?"

"Ba shanu zan ba ba. Teku zan jiƙa."

Aghali ya gyara amawalinsa, ya ce shi dai gishiri yake sayarwa, abin da mutum zai yi da shi tsakaninsa da Allah ne.

Dodo ya farfasa kantu ya zuba, ya dama da tabarya. Gajere ya sake ɗanɗanawa, ya tofar, ya ce gishiri kam ya ji, amma na ƙyalle shuɗi ne, wannan kuwa kalar kunun kanwa gare shi. Dodo ya koma gida ya kwashe shunin Lantana kaf, ya bi maƙwabta ya ƙaro, ya juye a ciki. Ruwa ya yi shuɗi har yana ɗaukar ido.

A ƙofar gida Lantana ta tare shi, ta riƙe ƙugu.

"Malam, na leƙa rumbu na hango ƙasansa."

"Matar sarki ba ta leƙen rumbu."

"Matar sarki tuwon rawani za ta tuƙa?"

"Ki bar wannan. Ki je gidan Inna ki aro mini kunkuru."

Nan Lantana ta saki ƙugu ta riƙe baki. Mahaifiyarta, Indo, tana da wani ƙaton kunkuru irin na dajin nan, bayansa ya kai akushin biki, wanda ta gada daga gidan ubanta. A tsakar gida yake yawonsa, yana da raminsa a bayan rumbu, kuma Indo ta yi imani albarkar gidan a bayansa take. Dodo kuwa, saboda kunyar surukai, ko hanya ba ya haɗawa da Indo, balle ya buɗe baki ya roƙe ta abu.

Lantana ta ce, "Kunkurun Inna ko raɓa ba ya so. In hadari ya taso rami yake shiga."

"Rashin sabo ne. Duk kunkuru ɗan teku ne, ƙaddara ce ta jefo wannan tudu. In ya ga gida zai gane."

Ta je, don ita ma tana son ganin ƙarshen abin. Indo ta yarda, amma ta ce da ƙafarta za ta bi kayanta, kuma ta ga wanda zai taɓa shi da mugun nufi.

Ranar ƙarshen feti, bayan la'asar, filin ya cika fiye da daren sinima. An shimfiɗa wa maigari tabarma a bakin teku. Makaɗa sun zo da ganguna, mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya jero ɗalibansa da tutoci, Tanko ya tsaya yana duban tamfol ɗinsa da ido ɗaya. Can baya, kusa da rijiya, garken shanu da jakuna da awaki na mutanen da suka zo kasuwa suna jiran a shayar da su. Sai ga Dodo cikin farar babbar riga, yana tafe yana nishi, ya rungumo kunkuru, Indo na biye da shi daga nesa da mayafi.

Ya dire shi a bakin ruwa, ya share zufa, ya fuskanci jama'a.

"Mutanen Gidan Ila, yau ga teku ya zo muku har gida. Wannan bawan Allah shekara da shekaru yana zaman baƙunta a tudu. Yanzu za ku ga yadda zai ruga gida da gudu."

Makaɗa suka saki kiɗa. Kunkuru ya fito da kai, ya dubi ruwa, ya juya a hankali, ya kama hanyar gidan Indo.

Gajere ya ce, "Gaskiyarka, ya nufi gida."

Dodo ya sha gabansa ya juyo shi. Kunkuru ya sake juyawa. Ya tura shi ta baya, kunkuru ya kafa ƙafafu a yashi, ya janye kai, ya zama dutse.

"Kunya yake ji, mutane sun yi yawa," in ji Dodo. "A teku ma sai an ɗauke su."

Ya sunkuya ya ɗaga shi zuwa ƙirji. Kunkuru kuwa in an ɗaga shi ba da son ransa ba, abu ɗaya ya iya, kuma ya yi shi a gaban farar riga tun daga wuya har gwiwa. Ɗaliban lakwal suka manta da tutoci. Dodo ya daure, ya taka cikin tekunsa da ƙafar dama, ya ƙara ta hagu. Tamfol da ya kwana cikin ruwa santsi gare shi. Ƙafafu biyu suka tashi sama tare, Dodo da kunkuru suka nutse, ruwa ya fantsama har kan tabarmar maigari.

Da ya ɗago kai daga ruwa, ba a gane shi ba. Fuska shuɗiya, gemu shuɗi, gishiri ya cika masa ido. Mutumin da ya yi iyo a Ikko ya hau dukan ruwa da hannu biyu yana kiran a cece shi.

Gajere ya ce, "Miƙe tsaye mana, iya ƙugunka ne."

Indo ba ta tsaya kallon suruki ba. Ta yar da mayafi, ta manta da kunya, ta tsaya a bakin ramin ta kira shi da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya auri 'yarta.

"Dodo, fito mini da kunkuruna, ko in shigo in same ka."

Wannan murya ta fi ruwan ba shi tsoro. Ya miƙe, ya laluba da ƙafa, ya tallabo kunkuru ya tura shi tudu. Kunkuru ya yi atishawa, ya kama hanyarsa, shuɗi tun daga kai har wutsiya, Indo na bin sa tana jera wa surukinta addu'o'in da ba a amsawa da amin.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma ruwan da ya fantsama ya jiƙa yashi, iska kuma ta kwashi ƙanshin gishiri ta kai bakin rijiya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da dabba ke yi in ta ji gishiri. Wani bajimi mai dogayen ƙahoni ya ɗaga hanci, ya yi kuka, ya taho, garke ya biyo shi, jakuna suka tsinke dabaibayi, awaki suka bi ta ƙarƙashin kowa. Makaɗa suka rungumi gangunansu suka watse. Maigari, da tsufansa, aka ga ya tattara riga ya yi tsalle ɗaya ya bar tabarma.

Dabbobi suka kewaye teku suka kafa baki. Dodo na tsakiya yana kora da hannu yana cewa wannan ba na sha ba ne, na kallo ne. Ba wadda ta saurare shi. Ruwa ya sauka daga ƙugu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu. Da ya ƙare suka hau lasar tamfol, awaki suka fara cin gefensa, Tanko ya ɗora hannu a ka. Sai wata saniya ta gano cewa abin da ya fi komai gishiri a wurin shi ne Dodo kansa. Ta lashe shi daga ƙeya zuwa kunne. 'Yan uwanta suka taya ta. Ya fito da rarrafe ta tsakanin ƙafafunsu, ya zura da gudu, maruƙa na bin sa suna kama gefen riga, duk bakinsu shuɗi.

Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Aghali, da ya zo kallo, ya ce shi dai bai taɓa ganin an ci gishirinsa da daɗi haka ba.

Makiyaya ne kawai ba su yi dariya ba. Babbansu ya zo gaban maigari, ya dogara sanda, ya ce dabbobinsu sun sha gishirin da ya fi ƙarfinsu, yanzu ƙishirwa za ta taso musu irin wadda ba a saba ba, kuma ba su suka jawo ba. Tun bai gama ba shanu suka koma bakin rijiya suna kuka suna ture juna a kan kwamin shan ruwa.

Maigari ya sa aka kamo Dodo. Ya zo yana ɗigar shuni, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa.

Maigari ya ce, "Jama'a, kun ga teku ko ba ku gani ba?"

Aka amsa, "Mun gani."

"Da gishirinsa?"

"Har da launinsa," in ji Gajere.

"To ni ba na alkawari in saɓa. A kawo rawani."

Dodo ya ɗago kai bai yarda da kunnensa ba. Aka kawo rawani fari, maigari da hannunsa ya naɗa masa, makaɗa suka dawo suka buga, mata suka rangaɗa guɗa. Daɗi ya cika Dodo har hawaye suka zubo masa, suka yi layi biyu a cikin shunin fuskarsa. Ya nemi Lantana da ido don ta ga abin da ya daɗe yana faɗa mata.

Sai maigari ya miƙa hannu aka ba shi guga da igiyarta, ya ɗora a kafaɗar sabon sarki.

"Sarkin Ruwa, ga talakawanka can suna kuka. Daga yau duk dabbar da ta ji ƙishirwa a garin nan, da ta gida da ta baƙo, a wuyanka take. Fara da waɗannan."

Dodo ya waiga ya dubi garken, ƙahoni iya ganinsa, ya dubi igiyar da ba ta da ƙarshe. Ya haɗiye yawu mai gishiri.

"Ranka ya daɗe, wannan sarauta, ana yin murabus a cikinta?"

"Ana yi mana," in ji maigari. "Da zarar damina ta sauka tabki ya cika."

A lokacin kuwa ko sanyi bai gama shiga ba. Gajere ya matso, ya durƙusa har ƙasa, ya ɗaga masa hannu irin gaisuwar sarakai, sannan ya gyara masa igiyar a kafaɗa don kada ta zame.